Ranar da Auta Bai Ɓata a Tasha Ba

4 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da maigidan da yara, ya kuma jikin Baba? Mu nan lafiya lau, sai aiki. Za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da ke, kuma gaskiyarki ce. Amma kakata da kakanku ciki ɗaya suka fito, don haka ina da damar in dame ki ko sau ɗaya ne a shekara biyar.

Kin san ina aiki a sashen binciken ƙwaƙwalwa, a jami'ar da ƙaninki Auta yake gyaran lantarki. Ɗakin binciken namu ba wani abin kallo ba ne: tebur ɗaya, kujera biyu, na'urar ɗaukar murya, sai fankar da Auta ya gyara sau uku. Mun manna takarda muna neman masu sa kai a wani bincike kan yadda mutum yake tuna yarintarsa. Ya zo canza mana ƙwan lantarki, ya karanta, ya rubuta sunansa.

Ga yadda abin yake. Muna neman wani babba a gidan mutum ya ba mu labarai uku na gaskiya da suka faru da shi yana ƙarami. Sai mu ƙara na huɗu wanda mu muka ƙirƙira, mu karanta masa duka a kan cewa daga gida suka fito. A zauna da shi sau uku ana tambayarsa me ya tuna, daga ƙarshe a sa rana a gaya masa wanne ne na ƙarya. An yi irin wannan a wurare da dama, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yakan tuna abin da bai taɓa faruwa ba, har ya ƙara masa nasa. Ke da kike ɗinki za ki fi kowa ganewa. Mutum yana zaton tsohuwar riga yake ciro wa daga akwati, alhali duk tunawa sabon ɗinki ne da tsofaffin ƙyallaye.

Labarin da muka shirya masa shi ne yana ɗan shekara biyar ya ɓata a tashar mota, ya yi kuka, wani dattijo ya tsince shi. Idan bai faru ba, ki sa hannu a takardar da na haɗo, ki aiko da naki ukun a rubuce, don takarda ake sa wa a fayil. Ba ni zan zauna da shi ba tunda ɗan'uwana ne. Abokiyar aikina ce za ta yi, ni nawa rubuta abin da na'ura ta ɗauka da tsara ranaku. Don Allah kada Auta ya ji.

Ga tukuicinki: an gano jarirai da karin harshen iyayensu suke kuka, tun daga makon farko.

Ƙaninki,
Tambayau

13 ga Maris

Tambayau,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, mun gode da aka tuna da mu. Yara lafiya, maigidan yana gaishe ka. Baba kuwa sai addu'a. Idon ya tafi gaba ɗaya, ƙafafun suna kumbura, likita ya ƙara magani ya rage magana. Gara da ka ce a rubuce, domin kunnen Baba yana nan garau, ko a shago na ɗaga waya yana ji daga ɗakinsa.

Wato an biya maka kuɗin makaranta shekara da shekaru don ka koyi yi wa mutane ƙarya da takarda. Tun kana yaro ba ka barin mutum ya huta da tambaya, ga shi ta zame maka sana'a. To ga naka.

Na ɗaya, yana ɗan shekara huɗu ya haɗiye wata 'yar ƙaramar ƙusa ta agogo a teburin Baba. Inna ta yi kwana uku ba ta da sukuni. Baba abu ɗaya yake tambaya kullum da safe: “Ta fito?” Har yau ban san ko yaron yake ji ko ƙusar ba.

Na biyu, ya faɗo daga tsanin tankin ruwa ya fashe haɓa. Ni na goya shi zuwa asibiti, aka yi masa ɗinki huɗu. Tabon yana nan, ka duba.

Na uku, ya tsinci ɗan tsako ya ɓoye a kwalin takalmi a ƙarƙashin gado, yana jiran ranar da zai yi cara. Da ya girma sai ga agwagwa. Ya yi mako ba ya yi mata magana.

Na tasha bai faru ba, na sa hannu. Baba bai taɓa kai mu ko'ina ba balle a ɓata. Daga gida sai shagonsa na gyaran agogo, gilashi a ido ɗaya, kai a sunkuye. Inna ta rasu Auta yana da shida, tun daga nan ni ce uwar.

Tunda ba ka zuwa, ƙila ba ka san inda aka kwana ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan Auta bai taka gidan nan ba. Yana da sha tara ya buɗe agogon bangon wani mutum ba da sanin Baba ba, ya karya wata waya a cikinsa. A gaban mai agogon Baba ya ce masa wannan hannun ba zai taɓa gyara komai ba. Washegari ya haɗa jakarsa. Ni yana kirana, amma da na ce ga Baba sai layi ya lalace. Shagon yanzu ni ke ɗinkin labule a ciki, agogunan da masu su ba su dawo ba suna nan a kanta, kowanne da lokacinsa.

Maganar jarirai, nawa huɗu ne, kuma duk da harshen yunwa suka yi.

Yayarka

29 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce. Labaranki sun yi, Farfesa, shugaban binciken namu, ya fi son na agwagwa.

An zauna da Auta sau biyu. A zaman farko ya tuna naki ukun, ya yi dariya, ya nuna haɓa. Na tasha ya ce bai san da shi ba. Abokiyar aikina ta ce kada ya takura kansa, ya riƙa tunaninsa kafin wani mako, kamar yadda ake gaya wa kowa.

Zama na biyu na kwafo miki daga na'ura. Ya fara da warin fetur. Sai benci mai sanyi, sai riga shuɗiya da maɓallinta ɗaya ya fita, sai ƙafafun mutane, domin ya ce ba ya ganin fuskoki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba mu muka ba shi ba. Ta ce masa, “Dattijon da ya tsince ka fa, kana iya ganinsa?”

Ya ce, “Ba wani dattijo ba ne. Baba ne.”

Ta ce ya ci gaba.

Ya ce, “Da gudu ya zo. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba. Gilashin nan nasa na aiki yana lilo a wuyansa. Ya ɗaga ni ya ɗora a kafaɗa, ina jin ƙirjinsa yana bugawa a gwiwata. Yana ta cewa na same ka, na same ka.”

Bayan nan akwai shiru. Ƙa'ida ce mu auna shi, don haka na rubuta: shiru, daƙiƙa arba'in da biyu. Sannan ya tambaya ko akwai ruwa.

Muna da ma'aunin ƙarfin tunawa daga ɗaya zuwa bakwai, an ba shi bakwai. Cikin mutum talatin da ɗaya, shi ne na uku da ya kai haka. Abin da ya ja hankalin Farfesa shi ne ya ture baƙon da muka ba shi ya sa nasa mutumin. Ƙwaƙwalwa ba ta son gurbi, in ta samu sai ta cike shi da abin da ke kusa. Saura zama ɗaya, sannan ranar bayani.

Tukuicin yau kuwa, an nuna wa mutane hoton hatsarin mota ɗaya. Waɗanda aka tambaya gudun da motocin suke yi da suka ragargaje, bayan mako sun fi tuna fasasshen gilashi a kan waɗanda aka ce wa da suka gogu. Babu gilashi ko ɗaya a hoton.

Tambayau

6 ga Afrilu

Tambayau,

Muna lafiya, da fatan murar ba ta dawo ba. Baba ya yi kwana biyu a asibiti, an cire masa ruwa, an sallamo mu. Yanzu a zaune yake barci.

Ranar Laraba Auta ya kira ina tsakiyar yankan labulen wata makaranta. Bayan gaisuwa, da bakinsa ya ce, “Yaya, tsohon yana cin abinci kuwa?” Sai da na ajiye almakashi. Ya tambayi maganin da yake sha, ya tambayi sunan likitan, ya ce ƙarshen watan nan zai ɗauki hutu ya zo. Sannan ya ce, “Kin tuna ranar nan ta tasha?” Na ce masa ga mai kaya ta shigo, zan kira shi. Babu wadda ta shigo.

Ban gaya wa Baba ba, amma na ce maka kunnensa. Da na kai masa shayi ya ce a kira masa mai aski, kuma a fito da kujerar nan ta katako daga ɗakin ajiya a goge ta. Bai ce don wa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na karanta wasiƙarka ya fi sau biyar. Rigar shuɗiyar akwai ta, ni na ɗinka ta da hannu, ita ce ɗinkina na farko. Sauran kuwa ka sani, na sani.

Abin nan ya tsaya mini a rai, ko keken ɗinki na hau sai in ga na karkace layi. Yaushe za ku gaya masa? Ina so in san ranar.

Yayarka

16 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Baba sannu. Na ji daɗi da aka sallamo ku.

Na ga yadda abin ya dame ki, kuma ban ga laifinki ba, ba kowa ke iya riƙe irin wannan ba. A tsarinmu ranar bayanin Auta shida ga Mayu ce, domin Farfesa zai yi tafiya. Da na karanta wasiƙarki na je na roƙe shi, na musanya ranar da ta wani, aka dawo da ita shekaranjiya. Don haka ki kwantar da hankalinki, an gama.

Farfesa da kansa ya yi masa bayani, ina zaune a gefe. Ya ce masa ɗaya daga cikin huɗun ƙirƙira ce, ya zaɓa. Auta ya zaɓi na ƙusar agogo. Da aka ce masa na tasha ne ya yi murmushi, ya ce a sake dubawa, an haɗa fayil ɗinsa da na wani. Farfesa ya ce ba a haɗa ba, kuma wannan ba alamar wata matsala ba ce, haka lafiyayyar ƙwaƙwalwa take aiki. Auta ya ce, “To wa ya ce muku bai faru ba?” Ƙa'ida ce in mutum ya tambaya a nuna masa, sai na miƙa masa takardarki.

Ya daɗe yana kallon sa hannunki. Sannan ya ɗaga kai ya dubi fanka, ya ce tana ƙara, zai turo a duba ta. Ya sa hannu a tasa takardar, ya yi wa kowa sallama, ya fita. Ba a yi hayaniya ba. Wata mata kafin shi ta jefe mu da biro.

An bi diddigin irin waɗannan mutane, an ga da yawa sukan daina yarda da labarin amma hoton ba ya gogewa. Suna ganinsa sarai kamar kowane abin da suka tuna, suna kuma sane bai faru ba. Muna fatan sake kiransa bayan wata uku mu ji nasa.

Tambayau

5 ga Mayu

Tambayau,

Lafiya muke. Baba yana nan yadda yake.

Na yi kwana goma sha tara ban ba ka amsa ba don kada in rubuta abin da zai raba zumunci. Wata ya ƙare, Auta bai zo ba. Na kira shi ya fi sau ashirin, wayar tana shiga ba ya ɗagawa.

Kai da kake auna shirun mutane da daƙiƙa, layi biyu na 'yar'uwarka ya gagare ka. Ranar na tambaya don in san ko za ta faɗo kafin zuwansa ko bayansa. In kafin ne, in roƙe ka ka ja ta baya. Ashe ma shida ga Mayu ce, ashe da ka bar ta inda take da yanzu ya zo ya koma. Sai ka tashi da ƙafarka ka je ka roƙa.

Ni ma da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Kunya ce ta hana ni rubuta maka ƙarara cewa ku bar ƙanena cikin ƙarya na mako uku. Na zaci za ka gane daga maganar mai aski da kujera. Na manta wanda nake rubuta wa.

An yi wa Baba aski sau biyu. Kujerar tana bakin ƙofarsa, yara sun san ba a zama a kanta. Shekaranjiya ya tambaye ni yau nawa ga wata, na gaya masa, ya ce to. Ina jin haushinka, Tambayau, amma na fi jin haushin hannuna da ya sa hannu. Kada ka aiko mini da labarin jarirai ko na motoci.

Yayarka

11 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ki, na gaida Baba. Wasiƙarki ta same ni.

Na ɗauko ta shida ga Afrilu na sake karantawa. Komai yana ciki, ban gani ba. Ki yi haƙuri. Amma ba zan ce miki da na gane da na ja ranar baya da gangan ba, domin ban sani ba. Mutum ya ba mu amanar kansa a kan za mu gaya masa gaskiya. Abin da na sani shi ne da ban taɓa ranar ba, da ba sai na zaɓa ba.

Jiya na sauka ɗakinsu na masu lantarki, a ƙarƙashin bene. Na same shi yana naɗe waya. Na ce masa ke ba ki da laifi, ni na nema. Ya ce ya sani. Na ce kina kira. Ya ce ya gani, bai san me zai ce miki ba ne. Sai ya ce, “Ka san abin haushin? Har yanzu ina jin ƙirjinsa a gwiwata. Kun ce ƙarya ne, na yarda, to ku zo ku cire.” Na ce ba mu san yadda ake cirewa ba. Ya ce haka ya zata, masu kwancewa sun fi masu ɗaurawa yawa a kowace sana'a.

Yau da safe ogansu ya ce mini ya ɗauki hutun mako ɗaya. Bai faɗi inda za shi ba, ni ma ba zan yi miki hasashe ba.

Tambayau

15 ga Mayu

Tambayau,

Muna lafiya. Ƙafafun Baba sun ɗan saɓe, likita ya ce kada mu ɗora buri a kai.

Auta ya zo ranar Talata bayan azahar. Ina kan keke, sai na ga mutum a ƙofar shago da 'yar jaka, ya yi ƙiba, gashi ya fara ja baya. Kafin in tashi Baba ya yi magana daga ciki, ya ce, “Ka shigo, ka tsaya kana tare wa mutane hanya.” Takunsa ya ji.

Sun gaisa kamar maƙwabtan da ba su saba ba. Ya hanya, ya jiki, ya aiki, ya jiki kuma. Na kawo ruwa na tsaya a bakin ƙofa, don ban yarda da su ba. Can Auta ya ce, “Baba, akwai abin da nake tunawa. An ce mini bai faru ba, har da takarda. Ina so in ji daga bakinka.” Ya ba shi labarin tun daga warin fetur har kafaɗa, bai rage komai ba.

Gaskiya na so Baba ya ce ya tuna. A raina har roƙonsa nake yi. Amma ka san mutumin. Fuskarsa ta ɗaure, ya ce, “Wane ne ya ce na bar ka ka ɓata?”

Auta ya ce ba wanda ya ce, bincike ne.

Baba ya ce, “To su sake bincike. Ba ka taɓa ɓata ba, ko sau ɗaya. Ɗauka kuwa ban ɗauke ka ba, wannan gaskiyarsu ce. Amma shekarar da uwarku ta rasu ka shiga makaranta, kullum sai na rufe shago na bi ka ta ɗaya gefen titi har ka shige ƙofa. Shekara uku. Ta ina za ka ɓata?”

Ni kaina ban san wannan ba. Na zaci masallaci yake tsayawa.

Baba ya juya fuska wajen bango, ya ce, “Tasha ɗaya na sani. Ranar da ka tafi ina bayan rumfar masu tikiti. Ka zauna layi na uku ta taga, jakar a cinyarka. Sai da motar ta cika, awa biyu da kwata.”

Auta ya ce, “Kana wurin?”

Ya ce yana wurin.

“Me ya sa ba ka kira ni ba?”

Baba ya ce, “Ban san abin da ake cewa ba.”

Nan na bar musu ɗakin na koma shago, na zauna a gaban keke ina kuka a kan labulen mutane. Ban san tsawon shirun da suka yi ba, ba ni da na'ura. Da na dawo ɗaukar kofuna na tarar Baba yana cewa farar mota ce, Auta yana cewa shuɗiya, shi da ya shige ta ai ya fi sani. Baba ya ce shi da ya yi awa biyu yana kallonta fa?

Ka gaya wa ogansa ba zai dawo ranar Litinin ba, takardar neman ƙarin hutu tana cikin ambulan ɗin nan. Haushinka bai gama fita ba, amma in ka samu hanya ka zo, Baba ya ce yana son ganin yaron da ya ce ya yar da ɗa a tasha.

Maganar motar kwana uku ke nan ba ta mutu ba. Jiya sun sa ni a tsakiya, na ce ni ban je tasha ba. Yanzu haka da nake rubutu suna tsakar gida suna kai, ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya tashi.

Yayarka